Ranar da Na Saki Saude a Talabijin

Kwanan baya wasu samari suka zo gefen gonata, gindin ɗorawar nan ta kan iyaka, wai fim suke ɗauka. Ba kyamara, ba igiyoyin lantarki, ba mai riƙe fitila, wayar hannu ce kawai aka ɗaure a kan sanda. Na jingine fartanyata na tsaya kallo. Magana ɗaya tak, wadda ba ta fi a ce ina kwana ba, sai da ɗayansu ya maimaita ta har na gaji da ƙirge. Ya faɗa a goge, ya sake faɗa a goge, suna ta dariya abinsu. Da suka gane ni suka zo suka durƙusa, suna cewa, "Baba, ashe kana garin nan? Mu da muka tashi muna kallonka." Na sa musu albarka, na ce su yi ta gogewa tunda Allah ya hore musu. Amma da na koma bakin aikina sai noman ya gagare ni. Mu a zamaninmu ba a gogewa. Abin da ya fita daga bakinka ya fita ke nan, kuma akwai ranar da abin da ya fita daga nawa bakin ya kusa raba ni da matata.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Tofa, inda gona take manne da gona, ba ka samun dajin da za ka ɓata a ciki ko da kana so. Da asuba, kafin ka buɗe ido, sautin taɓarya ya riga ya fara amsa wa juna daga gida zuwa gida, ga ƙarar guga tana dukan bangon rijiya, ga jakuna suna wucewa da mangalar taki. Yanzu injin niƙa ne yake tashin mutane, shi da babura. Mahaifina malami ne mai zaure, amma ni Allah bai ɗora mini karatu mai nisa ba. Na dai sauke, daga nan sai kunnena ya koma wani wajen. Duk mutumin da ya yi magana sau biyu a gabana, to na ɗauke muryarsa. In ana gayya, ni ne mai sa mutane su yar da fartanya don dariya, ina kwaikwayon dillalin awaki, ko unguwarzoma tana faɗa da maigida, ko mai gari in ya ga ma'aikatan haraji. In watan azumi ya kai goma kuwa, tashen unguwarmu ba ya armashi sai da ni. Mahaifina ba ya duka a kan haka, sai dai ya dube ni ta saman allon da yake wankewa ya ce, "Kai dai ka riƙa tunawa, baki shi ke yanka wuya." Ni kuma in ce to, in fita in kwaikwayi yadda ya faɗa.

Wani malamin kwalejin Bici, Malam Sule Dogo, shi ya gan ni ina wannan shirme a kasuwa ya ja ni cikin ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo. Daga dandalin makaranta muka kai ga gidan talabijin na birni. Kada ku zaci wata daula ce. Shekarun nan ne da ruwa ya yi ta ɗaukewa dawa na tsaka da bunni, shanu suka mutu, gwamnati kuma ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu sai an bi layi, kananzir sai da sanayya. Gidajen da ba a taɓa ganin garin rogo ba suka koma jiƙa shi, mata suna fita tsinkar tafasa da rama ana kwaɗawa da ɗan ƙuli a kwana a kai. Gidan talabijin ma yunwar ta shiga. Kaset ɗin ɗauka daga waje ake kawo shi, ya yi tsada, saboda haka in an ba mu guda ɗaya sai a ce mana sau ɗaya za a danna. Ba mu da rubutaccen labari. Malam Sule zai tara mu a inuwa ya ce, kai ne wane, ke ce wance, ga abin da ya haɗa ku, ga inda nake so maganar ta ƙare. Sauran kuma kowa cikinsa ya ba shi. Haka muka koyi sana'ar, kuma har gobe ina ganin wanda bai yi wasa da kaset ɗaya ba bai san tsoro ba.

A lokacin ina da aure shekara ta uku. Matata Saude 'yar Malam Isiyaku ce, aminin mahaifina, wanda ya ba ni ita bayan rasuwar mahaifin nawa don zumunci, ba don ya ga wani abin kirki a tare da ni ba. Bai taɓa ɓoye mini ba. In na je gaishe shi sai ya ce, "Har yanzu ana nan ana yi wa mutane ƙarya a akwati?" In ce, "Ana taɓawa, Baba." Ya ce, "Allah ya shirya." Saude kuwa ba ta da hayaniya, amma in ta faɗi magana guda sai ka kwana uku kana juya ta. Ranar da zan ba ku labari, tsakiyar damina ce, rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, ita kuma tana da ciki wata bakwai. Na fito da kekena zan kama hanyar birni, ta biyo ni har bakin zaure ta ce, "Malam, in ka tafi da me zan ɗora tukunya?" Ba ta ɗaga murya ba. Ni ne na ji kamar ta zage ni. Na hau kekena na tafi ban ko waiwaya ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi tafiya mai nisa ina ƙunƙuni a raina, ina cewa mace ba ta san wahalar da namiji yake sha ba.

Wasan da za mu ɗauka ranar, ni ne Alhaji Gambo, ɗan kasuwar hatsi mai rowa da saurin fushi, wanda zai saki matarsa Kulu a kan cefane. Wadda take fitowa a Kulu sunanta Asabe, babbar mace ce, ta girme mu duka, tana sayar da abinci a bakin tasha, kuma ba a kai ta iya magana. Aka kunna fitilu, zafi kamar gidan burodi, ga ni ban karya ba. Aka danna. Na shigo ina baza babbar rigar aro, Asabe ta tare ni da tukunya wofi a hannu. Cikin duk maganganun da ke duniya, sai Allah ya sa a bakinta ta ce, "Alhaji, in ka fita da me zan ɗora tukunya?" Na bi ta da masifa kamar yadda aka tsara, magana tana zuba, har na kai inda Malam Sule yake so. Na nuna ta da yatsa na ce, "Je ki gidanku, Saude, na sake ki saki uku."

Ban ma ji abin da na faɗa ba. Asabe ce na ga idonta ya ɗan motsa, amma da yake gwana ce sai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, aka ƙarasa. Da aka kashe fitila ta ce, "Kai, wace ce kuma Saude?" Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na bi Malam Sule har bakin mota ina roƙon a maimaita. Ya ce, "Da wane kaset ɗin? Haba, kwantar da hankalinka. A duk faɗin jihar nan wa ya san sunan matarka?" Na ga kamar gaskiya ya faɗa, na dawo gida da ɗan abin da aka ba mu, na auno gero, muka shirya da Saude, ban ce mata komai ba.

Abin da ni da Malam Sule muka manta shi ne talabijin ɗin ƙofar gidan mai gari. Baƙi da fari ce, da batirin mota ake kunna ta, kuma duk ranar wasanmu bayan magariba rabin ƙauyen yana wurin, don ɗan garinsu zai fito. Ranar da aka nuna wannan wasan ni ina birni. An ce da maganar ta fito sai wani dattijo ya ce, "Innalillahi. Ai 'yar Malam Isiyaku ya faɗa." Kafin a yi sallar isha'i labari ya shiga kowane gida. Da na dawo washegari na tarar da ɗakina a buɗe, ba Saude, ba kwanukanta. Na tafi gidan surukina. Yana zaune a kan buzu, bai amsa gaisuwata da kyau ba. Na ce, "Baba, wasa ne." Ya ce, "Na san wasa ne. Mahaifinka bai karantar da kai cewa saki ba a yin sa da wasa ba? Ka kira sunanta, ka ce uku, gari ya ji. Ni ba zan bar 'yata a ɗakin da ban san halal ne ko haram ba." Ya buɗe littafinsa, alamar ya gama da ni.

Ku da kuka san saki uku kun san abin da yake nufi. Ba kome, ba biko. Sai ta haihu, ta auri wani, ya rabu da ita don kansa, kafin in ma yi mafarkin ganin ta. Ɗan da ke cikinta kuma a wani gidan zai yi rarrafe. Na yi kwanaki ban san ɗanɗanon abin da nake sawa a baki ba. Na koma gidan talabijin in nemi kaset ɗin, ko in aka nuna wa malamai daga farko su ga da wa nake magana, aka ce ai tuni an ɗora jawabin wani babban mutum a kansa. A gari kuwa mutane suka rabu biyu. A majalisar mahauta ana cewa ta saku, a ta masu keke ana cewa ba ta saku ba, kowa ya zama malami a kan aurena. Waɗanda da suke kirana in zo in ba su dariya, yanzu in na doso sai su sauya zance.

Limamin garinmu, Malam Ɗahiru, tsoho ne ƙwarai, idonsa ya tafi, bai taɓa zama gaban talabijin ba ko lokacin da yake gani. Shi na kai wa kukana. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi, sannan ya ce, "Isiyaku bai yi ƙarya ba. Wanda ya nufi matarsa da saki, ko da wasa yake, ya saka. Amma malamai sun raba tsakanin mai wasa da wanda harshensa ya suɓuce. Na biyun, in akwai shaida, ba a kama shi. Ina shaidarka?" Na ce an goge. Ya ce, "An goge mutanen ma? Je ka kawo su, su yi abin a gabana yadda aka yi shi. Ina so in ji da kunnena."

Ranar wata Laraba bayan azahar Malam Sule da Asabe suka sauka daga motar kasuwa, suka tako cikin caɓi har ƙofar gidan Malam Isiyaku. Asabe ta lulluɓa da wani ƙaton mayafi kamar mai zuwa ta'aziyya, ta riƙo ƙullin shinkafa ta aika wa Saude ciki. Surukina ya ce shi 'yar wasa ba za ta taka masa zaure ba. Liman ya ce, "Shaida shaida ce, Isiyaku. A shimfiɗa tabarma a waje." Aka shimfiɗa a gindin bango, kusa da zanar da ta kare tsakar gida, dattawa suka zauna, sauran gari suka tsaya daga nesa. Aka samo mini babbar riga, aka ba Asabe tukunya. Kafin mu fara Liman ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma wannan karon ka kiyayi sunan 'yar mutane." Na yi wasa a gaban manya da ƙanana a rayuwata, ban taɓa yin wanda ya kai wannan nauyi ba. Duk da haka, da Asabe ta miƙo tukunyar ta faɗi maganarta, sai Alhaji Gambo ya hau kaina kamar kullum. Na yi ta zuba masifa ba tuntuɓe, na kai ƙarshe na sallami Kulu da sunanta. Har wani daga baya ya manta inda yake ya ce, "Amma Alhajin nan Allah ya isa."

Liman ya tambayi Asabe da Malam Sule, suka faɗi abin da suka sani. Sannan ya sa aka ɗauko Alƙur'ani aka ajiye a gabana, ya ce, "Sun shaidi abin da kunne yake ji. Abin da ke cikin zuciya kai kaɗai ka sani. Ka rantse cewa lokacin da sunan ya fito ba matarka ka nufa ba." Na yi alwala, na zauna, na miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a hanya. Safiyar nan ce ta dawo mini, da bakin zaure, da ƙunƙunin da na yi a kan keke. Na ce a raina, to in fushin nan ne ya biyo ni har gaban kyamara fa? Mu mun tashi da tsoron littafin nan fiye da tsoron wuta. Na kasa ƙarasa miƙa hannun, har na ji mutane sun fara motsi. Malam Isiyaku ya ce a hankali, "To, kun gani."

Daga bayan zana sai muka ji murya. "Baba, a gafarce ni, ina da magana." Saude ce. Ashe tun farko tana tsaye a wurin da tsohon cikinta. Mace ta sa baki a zaman malamai, a ƙofar gidan ubanta, abin da ba a taɓa ji ba. Mahaifinta ya buɗe baki zai kore ta, Liman ya ce, "Bar ta. Aurenta ake magana. Faɗi, 'yata." Ta ce, "Malam Liman, ni ban taɓa ganin wasansa ba sai yau da na ji. Wannan mai faɗan ba mijina ba ne." Liman ya ce, "Ta yaya kika sani?" Ta ce, "Shekara uku ina ɗakinsa. In ransa ya ɓaci da gaske, magana ba ta fita. In'ina ce take kama shi, sai ya fice ya bar mini gidan. Ranar ma haka ya yi. Mutumin da zai jera wannan masifar tiryan-tiryan har ya kai uku, ba da ni yake ba."

Ban gaya muku wannan ba tun farko don ba abin alfahari ba ne ga mai cin abinci da baki. Tun ina yaro haka nake. In maganar wani ce a bakina, sai ta yi ta gudu kamar ruwa a kwata. In tawa ce kuma ta taɓa ni a rai, sai harshe ya ƙulle. Na ɓoye abin nan shekaru da barkwanci da ficewa daga wuri, ban san ta lura ba. Liman ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Ka ji. To yanzu faɗi taka." Na ɗora hannu a kan littafin, hawaye yana zuba a kan rigar aro, na buɗe baki. "Wa... wa... wa..." Wallahi ɗin nan kaɗai sai da na yi kokawa da ita kamar mai ciro guga daga rijiya mai zurfi. Da kyar, guntu-guntu, na ce na yi fushi da ita da safe, gaskiya ne, amma ban nufe ta da saki ba, ita ce dai a raina tun daga gida har birni, ita da tukunyar da na bar ta da ita. Kafin in kai ƙarshe dattawan nan sun fara dariya ƙasa-ƙasa, Asabe tana dariya tana share ido da mayafi. Liman bai yi dariya ba. Ya jira na gama sannan ya ce, "Na ji mai riga, na ji kuma mai mata. Ba mutum ɗaya ba ne. Aure yana nan."

Malam Isiyaku ya gyara zama. Daga nan ya juya wajen zana ya ce, "To, haɗa kayanki ki bi mijinki." Na yi shekara fiye da talatin bayan nan a sana'ar. Na ga lokacin da aka bar gidan talabijin aka koma finafinan kaset da ake sayarwa a kasuwa, muna ɗauka a gidajen aro da abincin rana a matsayin rabin lada. Na fito a uba, na fito a mai gari, na fito a boka, an yi mini tafi, an kuma jefe ni da ɓawon rake. A cikin duk maganganun da na ji an faɗa a gaban kyamara da bayanta, ban ji mai daɗin wannan ta surukina ba, ga shi kuwa ko kallona bai yi ba da ya faɗe ta.

Bayan la'asar muka kama hanyar gida ta cikin gonaki, gero ya fi mu tsawo dama da hagu. Na ɗaure kwanukanta a bayan keke ina turawa, ita tana gaba tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Kwanukan suna ta ƙara, har muka hango rufin gidanmu. Nan ta tsaya ta huta, ba ta juyo ba ta ce, "Malam, da ban yi magana ba, da haka za ka zauna har a raba mu?" Na buɗe baki in ba ta amsa, abin ya sake ƙullewa. Na yi, na yi, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Ta juyo ta dube ni, sannan ta ce, "Bar shi, na ji. Turo keken mu je, hadari yana haɗowa."